Miyamoto Musashi, gwanin takobi na ƙasar Japan

Japan ƙasa ce ta tsibirai, can gabashin Aziya. A zamanin da, mayaƙanta ana ce da su samurai. Kowane samurai yana rataye da takubba biyu a ɗamararsa, dogo da gajere. A cikinsu babu wanda sunansa ya kai na Miyamoto Musashi.

An haifi Musashi wajen shekara ta 1584, a yankin Harima. Ubansa, Munisai, shi ma gwanin takobi ne. Lokacin nan ƙasar ta yi fiye da shekara 100 cikin yaƙe-yaƙe tsakanin sarakunanta. A shekara ta 1600 aka yi babban yaƙin Sekigahara, gidan Tokugawa ya yi rinjaye, ya haɗa ƙasar ƙarƙashin mulkinsa. Da ƙura ta lafa, mayaƙa da yawa suka rasa ubangida. Waɗansu suka shiga yawo gari gari, suna neman wanda za su gwada ƙarfi da shi don su yi suna.

Musashi ya soma tun da wuri. Yana da shekara 13 ya kara da wani babban mutum mai suna Arima Kihei, ya kayar da shi. Yana da shekara 21 ya tafi Kiyoto, birnin sarki, ya rinjayi malaman gidan Yoshioka, waɗanda suka shahara wajen koyar da takobi. Irin wannan karo ba wasa ba ne. Sau da yawa wanda aka kayar ba ya sake tashi.

Karonsa da aka fi sani shi ne na shekara ta 1612, da Sasaki Kojiro, mai dogon takobi. An yi shi a wani ɗan tsibiri da ke tsakanin manyan tsibiran Honshu da Kiyushu. Masu ba da labari sun ce Musashi ya makara da gangan, don ran abokin karawarsa ya ɓaci. Sun ce kuma takobin itace ya riƙe, wanda ya sassaƙa da filafilin tuƙa jirgi. Ya buge Kojiro, Kojiro ya mutu. Yau ana kiran tsibirin Ganryujima.

Kafin ya cika shekara 30, Musashi ya yi karo fiye da 60, ba a taɓa kayar da shi ba. Da wani ne, da sai ya zauna yana cin suna. Shi kuwa sai ya shiga bincika kansa. Ya ga cewa nasarorinsa ba su nuna ya san sirrin takobi ba. Wataƙila baiwa ce, wataƙila sa'a, ko kuwa abokan karawarsa ne ba su ƙware ba. Saboda haka ya koma ɗalibi. Ya yi ta horar da kansa safe da yamma, shekara wajen 20. Sai da ya kai shekara 50 sa'an nan ya yarda ya gane abin da yake nema. Lalle gemu ba ya hana ilimi.

Ya kafa makarantarsa mai suna Niten Ichi-ryu. Yawancin mayaƙa suna riƙe dogon takobi da hannu biyu. Musashi ya koya wa almajiransa riƙe dogon a hannu ɗaya, gajeren a ɗaya hannun. A ganinsa, bai kamata mutum ya mutu da sauran makami cikin kube ba.

Bai tsaya ga takobi kaɗai ba. Ya koyi zane da baƙar tawada, har ya zama gwani. Akwai wani zanensa na ɗan tsuntsu bisa busasshen reshe, wanda ake adana da shi har yau a Japan.

A shekara ta 1638 ya bi rundunar da ta je murƙushe tawayen manoma a Shimabara. A nan jifar dutse ta same shi a ƙafa, ta yi masa rauni. Mutumin da takubba 60 suka kasa, ga shi dutse ya tsayar da shi.

A shekara ta 1640 sarkin Kumamoto, Hosokawa Tadatoshi, ya karɓe shi baƙo. A 1643, da tsufa ya zo, Musashi ya keɓe cikin wani kogon dutse mai suna Reigando, ya soma rubuta littafinsa, Go Rin no Sho, wato Littafin Zobba Biyar. Kashi biyar ne: ƙasa, ruwa, wuta, iska, da sarari. A ciki ya kwatanta mayaƙi da masassaƙi mai gina gidan katako, wanda ya san amfanin kowane itace, yana kuma wasa kayan aikinsa kullum. Ya ba almajirinsa Terao Magonojo littafin, ya rasu a shekara ta 1645.

Bayan mutuwarsa, cikin ƙarni na 18, malaman takobi suka fito da takobin gora da sulken kare jiki, don a koyi faɗa ba tare da zubar da jini ba. Daga nan wasan kendo ya samo asali; ma'anar sunan ita ce hanyar takobi. A 1876 aka hana samurai yawo da takubba, amma wasan bai mutu ba. Yau yara maza da mata suna yin sa a makarantun Japan. Suna sunkuya wa juna kafin karo da bayansa. Littafin Musashi kuwa an fassara shi cikin harsuna da yawa.

Tambayoyi

1. Me ya sa mayaƙa da yawa suka shiga yawo bayan shekara ta 1600?
2. Don me Musashi ya koma ɗalibi, alhali ba a taɓa kayar da shi ba?
3. Mene ne bambancin kendo da faɗan zamanin Musashi?