Gimbiya Dayana: Matar Da Ta Miƙa Wa Kutare Hannu

A wannan fitowa mun ɗauko muku tarihin wata mata ce daga Ingila. Ba yarenmu ɗaya da ita ba, ba addininmu ɗaya ba, amma akwai abin da ta yi wanda ya kamata mu mazauna zango mu tsaya mu duba. Waɗanda suka kai shekarunmu ba su manta da safiyar Lahadin nan ta 31 ga Agusta 1997 ba, ranar da muka ji a rediyo cewa Gimbiya Dayana ta rasu a haɗarin mota a birnin Faris. Yaranmu na yanzu kuwa sai dai su ji sunan.

An haifi Dayana ran 1 ga Yuli 1961 a Sandringham, cikin dangin Spencer, tsohon gidan sarauta ne a Ingila. Tana 'yar shekara 6 iyayenta suka rabu, uwar ta bar gida, daga baya riƙon yaran ya koma hannun uba. Saboda haka tun tana ƙarama ta san ɗacin tashi babu uwa a kusa, duk da arzikin gidansu. Karatu bai yi mata nisa ba, don sau biyu tana faɗuwa jarrabawar sakandare. Da ta zama budurwa sai ta koma Landan tana aikin renon yara a wata makarantar ƙanana. Ran 29 ga Yuli 1981, tana da shekara 20, ta auri Yarima Charles, ɗan Sarauniya Elizabeth, wanda ya gaji sarautar Ingila a 2022. Ta haifa masa 'ya'ya maza biyu, William a 1982, sai Harry a 1984.

Daga ranar bikin nan duk inda ta sa ƙafa masu ɗaukar hoto na biye da ita. Wannan ya zame mata fitina har ƙarshen ranta. Amma mu 'yan kasuwa mun san jari ba kuɗi kaɗai ba ne, suna ma jari ne. To ita sai ta gane cewa tun da dai ba za su rabu da ita ba, gara ta ja su zuwa wuraren da mutane ba sa son kallo.

A lokacin ciwon ƙanjamau sabo ne, ba shi da magani, tsoronsa ya cika duniya. Mutane na zaton gaisawa da mai shi ko shan ruwa a moɗa ɗaya ya isa a ɗauka. A watan Afrilu 1987 ta je buɗe ɗakin jinyar masu wannan ciwo a asibitin Middlesex da ke Landan. Nan ta gaisa da majinyata hannu da hannu, ba safa. Ka ji irin ƙyamar da ake yi musu: mutumin da ya yarda a ɗauki hotonsa da ita sai da ya juya wa kyamara baya, don kada a gane shi. Hoton ya zaga duniya. Abin da likitoci suka daɗe suna faɗa ba a ji ba, aka gan shi da ido, gani kuwa ya kori ji.

A Fabrairun 1989 ta je Amurka, ta shiga asibitin Harlem a New York, inda ake jinyar yaran da aka haifa da ciwon. Ta ɗauki wani yaro ɗan shekara 7 ta rungume shi. A 1991 kuma a birnin Sao Paulo na ƙasar Barazil ta ziyarci gidan yaran da aka yasar, da yawansu masu ɗauke da ƙwayar ciwon, ta riƙa ɗaukarsu tana yi musu wasa. Waɗannan yara ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, ga maraici ga ciwo ga gudun dangi.

Sai kuma maganar kuturta. A Nuwamban 1989 ta kai ziyara asibitin kutare na Sitanala a ƙasar Indonesiya, ta zauna bakin gadonsu, ta kama hannuwansu, ta taɓa inda aka naɗe musu miki. Bayan wata huɗu, a Maris 1990, zamanin Janar Babangida, ta zo nan Nijeriya tare da mijinta. Ba ta tsaya a Ikko kaɗai ba, sai da ta kai Maiduguri, ta shiga asibitin kutare na Molai, ta gaisa da su kamar yadda ta yi a can. A wannan shekara ta zama uwar ƙungiyar Leprosy Mission, wadda aka kafa tun 1874 don kula da masu wannan ciwo, ta riƙe matsayin har mutuwarta. A 1993 ta je asibitin ƙungiyar na Anandaban a ƙasar Nefal.

Gidan aurenta dai bai yi daɗi ba. Sun raba zama a 1992, aure ya mutu a Agustan 1996. An yi surutai da yawa a kan rayuwarta, mu ba wannan ya kawo mu ba. Abin lura shi ne, da auren ya mutu ta ajiye shugabancin ƙungiyoyi kusan 100, ta riƙe 6 kacal, kuma cikin shidan nan akwai ta kutare da ta masu ƙanjamau.

Wajen tara gudummawa ma ta san kan ciniki. A 1996 da 1997 ta je Lahore a Pakistan don taya Imran Khan neman kuɗin asibitin ciwon daji da ya gina da sunan mahaifiyarsa, Shaukat Khanum. Ran 25 ga Yuni 1997 kuma aka yi gwanjon rigunanta 79 a New York, bisa shawarar ɗanta William. Aka tashi da dala miliyan 3 da 'yan kai, aka ba ƙungiyoyin masu ƙanjamau da masu ciwon daji. Kayan da aka riga aka sa ne fa, irin wanda mu muke kira gwanjo, amma suna ya ɗaga musu daraja. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki ta rasu, tana da shekara 36. Aka binne ta a Althorp, gidan kakanninta.

To jama'a, mu dawo gida. Mu Hausawan kurmi ba a bar mu a baya ba wajen sadaka. Kowace Juma'a muna wuce bayin Allah a ƙofar masallaci, mu jefa musu kuɗi a ƙwarya daga nesa, mu ƙara sauri. Amma mu nawa ne muka taɓa tsayawa muka gaisa da su, ko muka tambayi sunansu? Alhali kuturta ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ƙwayar cuta ce, kuma tana warkewa. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da haɗin magungunanta, tun 1995 kyauta ake bayarwa. Ana sha wata 6 ko wata 12, kuma da mutum ya fara sha ya daina yaɗawa. Yawancin mutane ma jikinsu ba ya kamuwa da ita. Dungun da muke gani ɓarnar jijiya ce: hannu ya mutu, wuta ta ƙona shi ko ƙaya ta soke shi mai shi bai ji ba, miki ya ci yatsu. Da yawan waɗanda muke gudu sun warke tuntuni, tabon ne ya rage. Duk wanda ya ga tabo mai haske a fatarsa wanda ba ya jin taɓi, ya garzaya asibiti tun kafin ta kai ga yatsu. Kunya da tsoron ƙyama su ke sa a ɓoye har a makara.

Haka ma ƙanjamau. Ba a ɗauka ta gaisuwa, ko cin tuwo a akushi ɗaya, ko cizon sauro. Yau akwai maganin da ke danne ƙwayar, mai shan sa a kan ƙa'ida zai rayu ya yi sana'a ya yi aure, mai ciki kuma in ta sha tana iya haihuwar ɗa lafiyayye. To ina dalilin da za a ware wa maraya kwanonsa daban don an ji abin da ya kashe uwarsa? Mu da muke nesa da gida, maraya a zango ba shi da baffa ko kawu a kusa, mu ne danginsa.

Shawararmu ita ce, duk sanda aka zaga da faranti a taro, a ware kason marayu da na majinyata, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma kada a aika yaro ya kai. Manya su tashi su kai da kansu, su zauna, su gaisa.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya raya marayunmu, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.