Sitalin: Magatakardan Da Ya Mallaki Rasha

A cikin 1922 manyan Jam'iyyar Kwaminis ta Rasha suka naɗa Yusufu Sitalin Babban Sakatare. Galibinsu sun ɗauka aikin tsare takardu ne kurum, bai dace da masu ilmi da iya magana irinsu ba. Amma duk wanda ya taɓa zaman ofis ya san ƙarfin mai riƙe da littafin naɗi da canjin wuri. Sannu a hankali ya yi ta cusa mutanensa ko'ina, har ya zamana babu wata kujera sai da saninsa.

An haife shi a garin Gori, cikin ƙasar Jojiya, a 1878. Ubansa mai ɗinkin takalma ne, mashayi. Uwarsa kuwa wankau take yi. Ta so ya zama limamin Kirista, aka sa shi makarantar addini a Tifilis, ya bar ta a 1899, ya shiga cikin masu neman tumɓuke Sarkin Rasha. An sha kama shi ana kai shi Saiberiya, yana gudowa. Sunan nan Sitalin ma laƙabi ne, watau mutumin ƙarfe.

Lenin, wanda ya ja gaban juyin mulkin 1917, ya gane halinsa, har ya bar wasiyya a tuɓe shi. Da ya mutu a 1924 sai manyan suka danne ta, don kishin da suke yi da Tirotski. Mu dai a ganinmu nan suka haƙa wa kansu rami. Aka kori Tirotski daga ƙasar a 1929, aka bi shi har Mekziko aka kashe a 1940. Yawancin sauran kuwa aka yi musu shari'ar ganin ido, aka harbe.

Talakawa su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Tun daga 1929 aka ƙwace gonaki da dabbobi, aka gama su gandun tarayya, hukuma na kwashe hatsi don ta gina masana'antu. Yunwar 1932 da 1933 ta kashe miliyoyin mutane, musamman a Yukiren da Kazakistan. A 1937 da 1938 kaɗai an harbe fiye da mutum 680,000, ban da waɗanda aka tura aikin gwale-gwale.

Ba mu musun cewa a zamaninsa Rasha ta zama ƙasar ƙarfe da injuna, ta karya rundunar Jamus a Sitalingirad a 1943, ta ci Barlin a 1945. Sai dai shi ne ya ƙulla amana da Hitila a 1939, ya kuma toshe kunne ga masu yi masa kashedi har Jamus ta auka masa a 1941.

Ran 1 ga Maris, 1953, ciwon shanyewar jiki ya kayar da shi a gidansa na bayan Masko. Masu gadi suka yini ba wanda ya iya shiga, don tsoro. Da dare aka same shi yashe a ƙasa, ba a kawo likita ba sai washegari. Manyan likitoci da dama kuwa suna kurkuku, shi ya sa aka ɗaure su. Ya cika ran 5 ga wata.

A 1956 Kurushef ya tona laifuffukansa a taron Jam'iyya. A 1961 aka ɗauke gawarsa daga gefen ta Lenin cikin dare, aka binne, aka kuma sake wa Sitalingirad suna, ta koma Balgogirad.