Ronald Ross: Likitan sojan da ya kama sauro da laifin zazzaɓi

Idan marka ta kankama a watan Agusta, daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi har Birnin Tsaba, da wuya ka shiga gidan da ba a kwantar da yaro ko ɗaya da masassara ba. Kududdufai sun cika, fadamu sun ɗauki ruwa, sauro kuma ya samu wurin hayayyafa. Yau ko ɗan firamare ka tambaya zai ce maka cizon sauro ne ke kawo zazzaɓin. Amma shekaru ɗari da 'yan kai da suka wuce manyan likitocin duniya ma ba su san haka ba. Turawa sun ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iskar da ke tashi daga fadama, daga nan ne ma sunan maleriya ya samo asali a harshen Italiya. Mutumin da ya warware zancen wani likitan soja ne mai suna Ronald Ross, kuma ranar da aka sanar da duniya abin da ya gano, shi ba ya ma cikin zauren taron.

An haifi Ross ranar 13 ga Mayu 1857 a garin Almora na ƙasar Indiya, inda mahaifinsa ke aikin soja a rundunar Birtaniya. Yana ɗan shekara takwas aka tura shi Ingila karatu. Zuciyarsa tana wajen waƙa da zane da lissafi, aikin likita kuwa mahaifinsa ne ya zaɓa masa. Ya shiga asibitin koyarwa na St Bartholomew's da ke Landan a 1874, kuma ba a lissafa shi cikin haziƙan ɗalibai ba. A 1881 ya samu shiga aikin likitancin gwamnatin Indiya, ya kwashe shekaru ana yawo da shi daga wannan bariki zuwa wancan, yana rubuta waƙoƙi da littattafan labari da ba su yi wani tashe ba.

Abin da ya sauya masa alƙibla ya faru ne a 1894, lokacin da ya je hutu Landan ya haɗu da Patrick Manson. Manson ya yi aiki a ƙasar Sin, inda ya nuna cewa tsutsar da ke haddasa tundurmi tana girma a cikin sauro. Kafin nan, a 1880, wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar maleriya cikin jinin wani majinyaci a Aljeriya. Ross ya sha neman wannan ƙwayar bai gan ta ba, har ya fara shakkar akwai ta. Manson ne ya zaunar da shi gaban madubin likita ya nuna masa ita, sannan ya faɗa masa abin da yake zato: sauro na da hannu a yaɗuwarta.

Zaton Manson rabinsa daidai ne, rabi kuskure. Shi a ganinsa sauro yana tsotsar ƙwayar, ya mutu cikin ruwa, mutum ya sha ruwan ya kamu. Ross ya koma Indiya a 1895 ya ɗauki wannan zaton da gaske, har ya riƙa ba mutane irin wannan ruwan su sha, abin da a yau babu hukumar da za ta amince a yi. Bai samu komai ba. Ya shafe shekara biyu yana feɗe sauro ɗaya bayan ɗaya, alhali bai san cewa sauron kala-kala ne ba, kuma yawancin waɗanda yake feɗewa ba sa ɗaukar maleriyar ɗan Adam ko kaɗan.

A Agustan 1897, yana garin Sikandarabad cikin matsanancin zafi, masu taimaka masa suka kawo masa wani irin sauro mai ɗigo-ɗigo a fiffike, wanda idan ya sauka yake ɗaga bayansa sama. Shi ne wanda ake kira Anopheles. Ya sa su suka ciji wani majinyaci mai suna Husein Khan, aka biya shi ana ɗaya, wato ƙaramin kuɗin Indiya na lokacin, a kan kowane cizo. Ross ya yi ta feɗe su kwana bayan kwana har saura biyu. Ranar 20 ga Agusta ya feɗe ɗaya, sai ya ga wasu 'yan ƙulluttai a jikin bangon tumbinsa, ɗauke da baƙin launin da ake gani a ƙwayar maleriya. Washegari ya feɗe na ƙarshen, ya tarar ƙulluttan sun ƙara girma. Ƙwayar tana raye, tana girma cikin sauro. Saboda wannan ne ake kiran 20 ga Agusta ranar sauro ta duniya.

Sauro biyu kacal ba hujja ce mai ƙarfi ba, amma ya rubuta taƙaitaccen bayani ya aika, mujallar British Medical Journal ta buga ranar 18 ga Disamba 1897. Kafin a buga ma shugabanninsa sun ɗauke shi sun tura shi Kherwara, wani lungu da ba a cika samun masu zazzaɓin ba. Su a wurinsu likitan soja ne kawai, inda ake buƙatarsa nan zai je. Sai da Manson ya yi ta bin manyan ofisoshi a Landan kafin aka mayar da shi Kalkata a Fabrairun 1898, aka ba shi ɗakin bincike.

A Kalkata ma masu zazzaɓin da za su yarda a yi gwaji da su sun yi wuya, don haka ya koma kan tsuntsaye, waɗanda suke da tasu irin maleriyar. Wani mataimakinsa, Muhammad Bux, shi ne ya riƙa kamo sauro da tsuntsaye yana kula da su. A nan Ross ya bi sawun ƙwayar daga farko har ƙarshe. Ƙulluttan da ke jikin tumbi suna fashewa, su saki wasu siraran 'ya'ya masu yawa, waɗannan kuma su bi jikin sauron su taru a inda yake tara yawu. A watan Yulin 1898 ya sa sauro masu ɗauke da ƙwayar suka ciji lafiyayyun tsuntsaye, tsuntsayen suka kamu. Ashe ba shan ruwa ba ne, cizo ne.

Nan ne aka shiga tsere da lokaci. Ƙungiyar Likitocin Birtaniya tana da babban taronta a Edinbara a ƙarshen wannan watan, Manson kuma shi zai yi jawabi a kan aikin Ross. Wasiƙa daga Indiya tana cin makonni a jirgin ruwa, Ross ba shi da halin barin aiki ya je, ga shi kuma an san masanan Italiya suna bin wannan hanyar. Sai ya buga wayar tangaraho, 'yan kalmomi kaɗan, ya sanar da Manson sakamakon ƙarshe. Manson, wanda ciwon gaɓɓai ya kwantar a lokacin, ya lallaɓa ya je ya karanta wa taron ranar 28 ga Yuli. Aikin shekara uku, da wasiƙu 173 da mutanen biyu suka yi musaya tsakanin 1895 da 1899, ƙashin bayansu ya isa kunnen likitoci ne ta wannan gajeren saƙo. Duk mai binciken da ya taɓa zama yana matse aikin shekaru cikin sakin layi ɗaya don aika wa masu shirya taro kafin a rufe karɓa, zai gane halin da Ross ya shiga.

Gaggawar ta yi masa rana. Kafin shekarar ta ƙare, Giovanni Battista Grassi da abokan aikinsa Bignami da Bastianelli suka nuna a Italiya cewa Anopheles ne ke yaɗa maleriyar mutane, abin da Ross bai kai ga kammalawa ba, domin an sake tura shi Assam binciken wata cutar daban. A 1900 Manson ya ƙara toshe bakin masu musu: ya sa aka kawo sauro masu ɗauke da ƙwayar daga Rum zuwa Landan, suka ciji ɗansa na cikinsa, ya kuwa kamu da zazzaɓin, aka yi masa magani.

Ross ya ajiye aikin Indiya a 1899 ya koma makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, garin da matasanmu suka fi sani da ƙwallo. A shekarar ya zo Firitawun ta Saliyo, ya bi kududdufai yana nuna inda Anopheles ke ƙyanƙyasa, daga baya ya ziyarci Legas a zamanin gwamna William MacGregor. A 1902 aka ba shi kyautar Nobel, shi kaɗai.

Gaskiya halinsa bai kai aikinsa kyau ba. Ya kwashe sauran rayuwarsa yana rigima da Grassi a kan wanda ya riga wani, yana zarginsa da satar fasaha, alhali aikin Grassi nasa ne kuma ya cike giɓin da Ross ya bari. Har Manson, wanda ya ɗora shi a hanya ya kuma tsaya masa a Edinbara, sai da suka ɓata. Ya nemi gwamnati ta biya shi ladan abin da ya gano, ba a ba shi ba. Su Muhammad Bux da Husein Khan kuwa, sunayensu sun tsira ne kawai domin ya ambace su a rubuce-rubucensa.

Lissafin da ya so tun yana yaro shi ne ya ba shi babban tunaninsa na biyu. A littafinsa na 1910 kan rigakafin maleriya da ayyukan da suka biyo baya, ya nuna cewa ba sai an kashe kowane sauro ba. Idan aka rage yawansu ƙasa da wani mizani, cutar za ta kasa yaɗuwa da kanta. An gwada wannan tunani a ƙasar Hausa. A 1954 aka fara feshin gidaje na gwaji a yammacin lardin Sakkwato, lardin da Zamfara ke cikinsa a lokacin, ba a jima ba sauron ya daina jin ɗaya daga cikin magungunan feshin. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da babban bincike a Garki, wadda yanzu ke jihar Jigawa. Feshi da raba magani sun rage cutar ƙwarai, amma ba su katse yaɗuwarta ba, domin cizon da ake sha a damina a wannan yanki ya zarce mizanin nesa ba kusa ba. Shi ya sa yanzu ake haɗa hanyoyi: gidan sauro mai magani, gwajin jini kafin shan magani, da maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kowane wata a lokacin damina.

A 1926 aka buɗe cibiyar bincike da sunan Ross a unguwar Putney ta Landan. Shekara guda bayan nan shanyewar ɓarin jiki ta same shi, har ya kai ga sa takardunsa a kasuwa saboda buƙatar kuɗi. Matarsa Rosa ta rasu a 1931, shi kuma ya bi ta ranar 16 ga Satumba 1932, yana da shekara 75. An binne shi kusa da ita a maƙabartar Putney Vale.