Dominique Larrey, Likitan Fagen Fama

Dukanmu mun ji labarin Napoleon, sarkin Faransa, a ajin tarihi. Amma ba a cika gaya mana labarin likitan da ya bi rundunarsa da wuƙar fiɗa ba, wato Dominique Larrey.

An haife shi a shekara ta 1766 a wani ƙauye a kudancin Faransa. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, sai ya tafi birnin Toulouse wurin baffansa, wanda ya koya masa aikin likita.

A zamanin nan, idan aka harbi soja, yakan kwanta a fili har a gama yaƙi, wani lokaci kwana guda cur. Da yawa sukan mutu saboda zubar jini kawai. Larrey ya lura da yadda dawaki suke jan igwa a guje, sai ya sa aka ƙera kekunan doki marasa nauyi don ɗauko masu rauni tun ana cikin harbi. Ya kuma kafa doka cewa wanda rauninsa ya fi tsanani shi za a fara dubawa, ko hafsa ne ko kurtu, ko da abokin gaba ne. A ganinmu wannan ya fi kekunan wuya, gama manya ba su saba jira ba.

Mu tuna babu maganin sa barci a lokacin, sai a 1846 aka soma amfani da shi. Saboda haka saurin hannun likita shi ne jinƙai. A yaƙin Borodino a Rasha, a 1812, ya yanke hannuwa da ƙafafu wajen 200 cikin yini da dare ɗaya.

A Waterloo, a 1815, sojojin Prussia suka kama shi, har suka shirya harbe shi. Sai wani likitansu da ya taɓa sauraron koyarwarsa ya gane shi. Aka kai shi gaban babban hafsansu, Blücher. Ashe Larrey ne ya yi jinyar ɗan Blücher a wani yaƙi can baya, sa'ad da Faransawa suka kama shi da rauni. Aka sake shi, aka ba shi abinci da 'yan rakiya.

Ya rasu a birnin Lyon a 1842, yana dawowa daga duba asibitocin soja a Aljeriya, yana da shekara 76.