Leo Kanner: Likitan da ya zargi iyaye kan galahanga, daga baya ya wanke su

A nan Kilomita Biyar, idan yaro ya kai shekara uku ko huɗu bai fara magana ba, ba ya haɗa ido da mutane, a kira sunansa ba ya waiwaya, amsar jama'a ba ta wuce biyu: ko a ce aljanu ne, ko a ce uwar ce ta yi wani abu. Wasu maƙwabtanmu masu jin Sango kuma su ce likundu ne, wato maita. Da yawa daga cikin yaran nan suna da lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda kafafen Hausa ke ce wa galahanga. A matsayina na malamin makaranta, ina ganin ya kamata mu san likitan da ya fito da lalurar fili, domin akwai ilimi a rayuwarsa, akwai kuma kuskuren da har yau ake maimaitawa a gidajenmu.

An haifi Leo Kanner ranar 13 ga Yuni, 1894, a ƙauyen Klekotiv da ke cikin Yukren ta yau. Iyayensa Yahudawa ne. A 1906 ya koma birnin Balin na Jamus, inda daga baya ya shiga karatun likita. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse masa karatun, sai bayan yaƙin ya kammala. Da kuɗin Jamus ya lalace, rayuwa ta yi tsada, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1924, ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na garin Yankton, a jihar Dakota ta Kudu.

A 1928 ya koma Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimo. A 1930 aka ba shi jagorancin sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara, a 1935 kuma ya wallafa littafin koyarwa na farko da Turanci a wannan fanni. Da 'yan Nazi suka fara farautar Yahudawa, ya taimaki likitoci da dama suka tsere zuwa Amurka.

A 1938 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara biyar mai suna Donald daga jihar Misisipi. Yaron yana da kaifin hadda, yana iya daɗewa yana jujjuya kwano a ƙasa, amma shigowar mahaifiyarsa ko fitarta ba su dame shi ba, kuma idan aka sauya masa tsarin da ya saba sai ya rikice. Kanner ya ci gaba da haɗuwa da irinsa, har a 1943 ya wallafa bayani kan yara 11, maza takwas mata uku. Ba shi kaɗai ya lura ba, wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta bayyana irin yaran tun 1925. Amma rubutun Kanner ne ya karaɗe duniya. Abin da ya kammala da shi kuwa: da wannan hali aka haifi yaran, kamar yadda ake haihuwar wani da naƙasa a jiki.

To, a nan gizo ke saƙa. A cikin rubutun nan dai ya ce ya lura iyayen ba su da sakin fuska ga 'ya'yansu, a 1949 ma ya kwatanta renonsu da ajiye yaro a cikin firji. Ku tuna, masu ilimi da kuɗi ne kawai ke iya kai yaro wurinsa, kuma wa zai saki jiki a gaban likitan da ke ƙare masa kallo? Wani mai suna Bruno Bettelheim ya ɗauki maganar ya kambama, har ta kai ana raba yara da uwayensu da sunan magani. Sai a 1964 Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam wanda ɗansa ke da lalurar, ya rubuta littafi yana nuna cewa asalinta daga halittar ƙwaƙwalwa ne. Kanner da kansa ya rubuta wa littafin gabatarwa. A 1969 ya tsaya a gaban taron iyaye ya bayyana cewa ba su da laifi.

Tun yana raye hujja ta fara fitowa. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter sun binciki tagwaye 21 a Ingila. Cikin tagwaye 11 masu kama ɗaya, an samu huɗu da duka biyun ke da lalurar. Cikin 10 marasa kama ɗaya ba a samu ko ɗaya ba. Wannan ya nuna gado na da hannu. Yau an gano ƙwayoyin gado fiye da 100 da ke da alaƙa da ita.

Saura tambaya: me ke sa ƙwaƙwalwa ta ji daɗin zama da wani? Tunda ba a gwaji da ƙwaƙwalwar yaro, masana suka koma ga wani ɗan ɓeran fili da ke makiyayar tsakiyar Amurka. Shi wannan ɓera, namiji da mace kan manne wa juna, su zauna a sheƙa ɗaya, uban ma yana reno. Ɗan'uwansa ɓeran fadama kuwa ba ruwansa da haka. Lowell Getz da Sue Carter na Jami'ar Ilinoi ne suka fara jawo hankali kansa. Aka gano sinadarai biyu na jiki na da hannu: basofiresin da oksitosin. Na biyun matanmu sun san shi, shi ne allurar da ake yi wa mai jego don tsayar da jini, shi ne kuma ke sa nono ya sauko. A 2004 masana a Jami'ar Emory suka ƙara wa namijin ɓeran fadama ƙwayar gadon da ke sa ƙwaƙwalwa karɓar basofiresin, sai ga shi yana manne wa mace ɗaya.

Kada dai a yi saurin murna. Ɓera ba ya galahanga, hanya ce kawai ta fahimtar zumunci. A 2021 aka wallafa sakamakon wani bincike na yara 290 a Amurka, inda aka gwada fesa oksitosin a hancinsu, ba a ga bambanci ba. A 2023 kuma aka samar da ɓerayen fili marasa makarɓar oksitosin, suka ci gaba da manne wa juna. Ma'ana, abin ya fi ƙarfin sinadari ɗaya. Don haka duk wanda ya zo muku da kwalba ya ce tana warkar da galahanga, ku riƙe kuɗinku.

Kanner ya rasu ranar 3 ga Afrilu, 1981, yana da shekara 86. Donald kuwa ya yi jami'a, ya yi aiki a banki, ya koyi tuƙin mota, ya rayu har 2023, domin iyayensa sun riƙe shi, mutanen garinsu kuma sun ɗauke shi nasu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da lalurar, ke nan da wuya a rasa su a makarantunmu na boko da na allo. A aji, abin da na ga yana taimakawa ba shi da tsada: wurin zama ɗaya kullum, gajeren umarni, rage hayaniya, da ajiye bulala. Iyaye, a yi addu'a, a kuma kai yaro wurin likitan yara da wuri. Surukai da maƙwabta, a daina nuna uwa da yatsa. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba masu renon yaran nan juriya da lada.