Oswald Avery: Mutumin da Ya Duƙufa Kan Ƙwayar Cuta Guda

Ya kai ɗalibi, idan ka ga uwa a Bagama ta goya jaririnta ta nufi asibiti a Suleja domin allurar rigakafi, ka sani cikin alluran akwai ta ciwon haƙarƙari, wato nimoniya. An fara ba yaran Nijeriya wannan allura a 2014, amma asalinta yana komawa ga wani likita da ya rasu tun kafin a haifi iyayenka. Sunansa Oswald Avery.

An haife shi a Halifax ta ƙasar Kanada a 1877. Yana ɗan shekara goma iyayensa suka ƙaura zuwa New York a Amurka, inda ya gama karatun likita a 1904. A wancan zamani babu maganin nimoniya, sai likita ya zuba ido majiyyaci ya warke ko ya cika. Wannan ya sa Avery ya bar duba marasa lafiya ya koma ɗakin bincike. A 1913 ya shiga Cibiyar Rockefeller, ya shekara 35 yana nazarin ƙwayar cutar da ke haddasa ciwon.

Ka lura da abin da ya fara ganowa. Wannan ƙwaya tana da rufi da take lulluɓa da shi, wanda yake kare ta daga dakarun jinin mutum. A 1923 Avery da abokin aikinsa Michael Heidelberger suka nuna cewa rufin nan wani nau'in sukari ne. Daga baya ya gano cewa idan aka haɗa sukarin da furotin, jiki yakan koyi gane shi ya yaƙe shi. A kan wannan hikima aka gina allurar da jaririn nan zai karɓa.

Ana nan sai labari ya zo daga Ingila a 1928. Wani mai bincike, Frederick Griffith, ya gauraya matattun ƙwayoyi masu rufi da rayayyu marasa rufi, ya ɗura wa ɓera. Ɓeran ya mutu, aka kuma sami rayayyun ƙwayoyi masu rufi a jininsa. To, me matattun suka bar wa rayayyun gado? Avery da mataimakansa suka yi shekaru suna tace ƙwayoyin, suna ware sinadaransu ɗaya bayan ɗaya. A 1944, yana da shekara 66, shi da Colin MacLeod da Maclyn McCarty suka bayyana cewa abin gadon nan shi ne sinadarin da ake kira DNA.

Masana da yawa ba su gamsu ba, domin sun ɗauka furotin ne yake ɗauke da gado. An sha gabatar da sunan Avery domin lambar yabo ta Nobel, amma har ya rasu a 1955 ba a ba shi ba. A yau kuwa duk littafin kimiyyar halittu da ka buɗe yana koya maka abin da ya tabbatar.

Avery bai ga jaririn Bagama ba, bai kuma ci moriyar yabo yadda ya kamata ba. Idan wata rana ka zaɓi aikin bincike, ka shiga da sanin cewa mai shuka bishiya ba lallai ne ya sha inuwarta ba.