Tyagaraja: Mawaƙin Begen Kudancin Indiya

Yawancinmu ta hanyar finafinai muka san waƙoƙin Indiya. To amma a kudancin ƙasar akwai tsohuwar waƙar ibada mai suna Karnatik, wadda ake rerawa a gaban jama'a. A wannan ɗan rubutu ina so in gabatar wa mai karatu ɗaya daga cikin ginshiƙanta, wato Tyagaraja.

An haife shi a shekarar 1767 a garin Tiruvarur, cikin jihar Tamil Nadu ta yau. Ya girma a Thiruvaiyaru, a bakin kogin Kaveri, kuma ya koyi waƙa a hannun malaminsa Sonti Venkataramanayya. Duk da cewa a ƙasar Tamil yake zaune, da harshen iyayensa na Telugu ya tsara yawancin waƙoƙinsa. Mabiyin addinin Hindu ne, kuma begen Rama, abin bautarsa, shi ne jigon waƙoƙin nasa. A cikinsu yakan yi roƙo, ya yi ƙorafi, ya yi godiya, kamar ɗa a gaban mahaifinsa.

Almajiransa sun ruwaito cewa sarkin Thanjavur ya aiko masa da kyaututtuka domin ya zo fada ya yi waƙa, amma ya ƙi. Ya gwammace ya zaga unguwa yana rera bege, mutane suna ba shi sadakar shinkafa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne salon da ake kira sangati, wanda ake danganta bunƙasarsa da shi. Mawaƙi zai ɗauki ɗango ɗaya ya yi ta maimaitawa, kowane karo yana ƙara wa karin muryar ado. Kalmomin ba su sauya ba, amma shauƙin yana ta hauhawa, har idon mai sauraro ya cika da ƙwalla.

Tyagaraja ya rasu a shekarar 1847. Almajiransa ne suka adana waƙoƙinsa, kuma kimanin 700 sun kawo yau. Daga baya wata mawaƙiya, Bangalore Nagarathnamma, ta kashe dukiyarta ta gina ɗakin ibada a kan kabarinsa, ta kuma yi fafutuka har mata suka sami damar yin waƙa a bikin tunawa da shi. Kowace shekara ɗaruruwan mawaƙa sukan zauna a wurin, su haɗa murya su rera waƙoƙinsa biyar da ake kira Pancharatna.

Da yawa daga cikin masu rerawa da masu sauraro Tamilawa ne, Telugu ba harshensu ba ne. A matsayina na wanda ya koyi Hausa da girmansa, na fahimci wannan sosai: murya takan isar da saƙo zuciya tun kafin kunne ya gama tantance kalmomi. Saboda haka, 'yan'uwana ɗaliban harshe, idan muna nazarin waƙa a takarda, mu riƙa neman jin ta daga bakin mai rerawa.